Levittown da Makarantunta

A shekarar 1945 aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, shi ne kuwa yaƙin da ya kai sojojin ƙasarmu har Bama. Amurka kaɗai ta sa mutum wajen miliyan 16 cikin kayan soja a yaƙin nan. Da aka sallame su suka komo gida, sai suka tarar ba gidajen da za su shiga. Dalili kuwa an yi shekara goma sha biyar ba a yi wani ginin kirki ba a ƙasar, da fari saboda karayar ciniki da ta auku tun 1929, daga baya kuma saboda katako da ƙarfe duk an juya su wajen yaƙi. Samari suka yi ta aure, amma ango da amarya sai su raɓe a ɗaki guda a gidan surukai. A birnin Chicago har tsofaffin taragun jirgin cikin gari guda 250 aka sayar wa mutane suka mai da su wurin kwana.

Tun 1944 gwamnatin Amurka ta yi wata doka domin tsofaffin sojoji. Cikin abin da dokar ta tanada, in tsohon soja ya je banki neman rancen sayen gida, gwamnati ce za ta tsaya masa. In ya kasa biya, ita za ta ɗauki wani kashi na hasarar. Da bankuna suka ga haka sai hankalinsu ya kwanta, suka shiga ba da rance na shekaru masu yawa, har talatin. Ga masu saye ke nan, ga kuɗi. Saura mai gini.

Mai ginin da ya fi kowa gane wannan dama shi ne William Levitt. Shi da ubansa Abraham da ƙanensa Alfred suke da kamfanin gini a Jihar New York. Alfred ke zana fasalin gida, William ke riƙe da ciniki. Lokacin yaƙi sun gina wa ma'aikatan yaƙi gidaje a Norfolk cikin Jihar Virginia, William kuma ya yi aiki a rundunar magina ta sojan ruwa, inda ya koyi yin gini da gaggawa. Gabas da birnin New York akwai wani tsibiri dogo da ake kira Long Island. A can, kamar mil 25 daga tsakiyar birni, akwai wata karkara mai suna Island Trees, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ake noman dankalin Turawa. Wata tsutsa ta shiga gonakin tana ɓata amfani, saboda haka manoma ba su ƙi sayarwa ba. Su Levitt suka yi ta saye a hankali har suka tara fili mai faɗi.

Yadda suka yi ginin abin a tsaya a kai ne. Sun raba aikin gida guda kashi 27, kowane kashi da ƙungiyarsa. Masu zuba siminti daban, masu kafa katako daban, masu rufi daban. Akwai wanda ba ya taɓa kome sai farin fenti, akwai wanda aikinsa tun safe har yamma shi ne ɗaure injin wanki a ƙasa da ƙusa. A masana'antar mota, motar ke tafiya ma'aikata na tsaye. A nan kuwa gidan ke tsaye, ma'aikata ke bi layi layi, in sun gama da wannan su matsa gaba. Katako daga dajinsu na Kalifoniya yake zuwa a yanke daidai awo, ƙusa ma su ke ƙera abarsu. Da aiki ya kankama sukan gama gida talatin a rana guda. Ran 1 ga Oktoba 1947 iyali 300 na farko suka tare. Zuwa 1951 an gina gida 17,447, an kuma sake wa wurin suna, ya zama Levittown, watau garin Levitt.

Gidan ba babba ba ne. Tsawonsa ƙafa 30, faɗinsa ƙafa 25, da ɗakin kwana biyu, da falo, da madafa, da makewayi, sai wani sarari a ƙarƙashin rufi wanda ba a ƙarasa ba, mai gida ya gyara da kansa in iyali sun ƙaru. Da fari haya ake bayarwa, dala 60 a wata. A 1949 aka fito da sabon fasali na sayarwa a kan dala 7,990, mutum ya riƙa biyan wajen dala 58 kowane wata. Ka ga saye ya fi haya araha ke nan. Akwai sharuɗɗa: ba a shanya a waje ran Asabar da Lahadi, dole a riƙa yanke ciyawar ƙofar gida, ba a kuma yarda kowa ya kewaye gidansa da danga ba. Bahaushe zai yi mamakin gida ba katanga, amma su a wurinsu wannan ado ne. Akwai kuma wani sharaɗi mai nauyi, wanda za mu komo kansa, cewa ba a ba kowa gida sai farar fata.

Levitt ya shimfiɗa tituna, ya haƙa tafkunan iyo tara, ya gina 'yan kantuna a wuraren taruwa. Abin da bai gina ba shi ne makaranta, kuɗinta kuma ba ya cikin dala 7,990 ɗin nan. Ga shi kuwa kusan duk waɗanda suka tare sababbin aure ne, daga mai goyo sai mai ciki. Shekarun nan ne haihuwa ta yi yawa a Amurka duka: an haifi yara miliyan 3.4 a 1946, zuwa 1957 abin ya kai miliyan 4.3 a shekara. Levittown ta yi fice har masu ba'a suna kiranta kwarin haihuwa. Ba a bukatar boka ya faɗi abin da zai faru. Jaririn 1948 shi ne ɗan aji ɗaya na 1954.

Kafin mu ci gaba sai mu bayyana yadda ake riƙon makaranta a Amurka, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga kai ba. A can gwamnatin tarayya ba ita ke da makarantun yara ba. An yanyanka kowace jiha gunduma gunduma ta makaranta, kowace gunduma da hukumarta, waɗanda mutanen wurin ke zaɓa da ƙuri'a. Hukumar ke ɗaukar malamai, ita ke gini, ita ke sayen littattafai. Kuɗin kuwa, jiha takan ba da wani kashi, amma wani babban tushensa haraji ne da ake ɗora wa dukiyar da ba ta motsi cikin gundumar: gidaje, da filaye, da kantuna, da masana'antu. A yi wa kowane gini kima, a ce cikin kowace dala ɗari ta kimarsa mai shi zai biya kaza. A Jihar New York kuma, in ka fitar da manyan birane, ba a kashe kuɗin shekara sai an kawo lissafin gaban jama'a sun jefa ƙuri'a a kai. Haka kuma in za a ci bashi a gina sabuwar makaranta.

Tsarin yana da kyaunsa, gama iyaye na da baki cikin karatun 'ya'yansu. Amma bari mu yi misali a ga inda gizo ke saƙa. A ce ga gunduma biyu, kowace tana bukatar dala 1,000 don karatun yaro guda. Ta fari tana da masana'antu da manyan kantuna, in an raba kimar dukiyarta bisa yawan yaranta, kowane yaro ya tashi da dala 100,000. Ta biyu ba ta da kome sai ƙananan gidaje cike da yara, kowane yaro ya tashi da dala 25,000. Mutanen ta fari dala ɗaya cikin ɗari za su biya, shi ke nan. Mutanen ta biyu kuwa sai sun biya dala huɗu cikin ɗari kafin su sami abin da maƙwabtansu suka samu. Masana'anta tana biyan haraji, ba ta kuwa aika yaro ko ɗaya aji. Ƙaramin gida yana biyan kaɗan, ya aiko da uku.

Levittown ita ce gunduma ta biyun nan. Gidajen sun faɗa cikin gundumomin karkara da aka shata tun zamanin masu dankali, mafi yawa cikin wadda daga baya ta ɗauki sunan Levittown, saura cikin ta Island Trees da ta East Meadow da na kewaye. A 1947 babbar cikinsu 'yar makarantar ƙauye gare ta, yaran 'yan gommai ne. Kafin shekara goma ta cika sun haura dubu goma, suna kuma ta ƙaruwa. Aka shiga gini ba ji ba gani, duk da bashi. Gini bai iya cim ma haihuwa ba, sai aka raba yini biyu, waɗansu yara su zo da safe su tashi da azahar, waɗansu su karɓi kujerun tun ba su huce ba. Zuwa farkon shekarun 1960 gundumar tana da makarantu fiye da goma, uku daga ciki na sakandare. Magidanta da yawa na garin a masana'antun jirgin sama suke aiki, kamar ta Grumman da ke Bethpage nan kusa. Amma harajin ginin masana'antar, gundumar da take ciki ke ci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Jiha ta riƙa taimakon Levittown da kaso mai tsoka, duk da haka bai cike giɓin ba, harajin makaranta ya yi ta hawa bisa mutanen da dama araha ce ta kawo su wurin.

Wani abu kuma ya ƙara wa wutar iska. Levittown, duk yawan jama'arta, ba a taɓa ba ta mulkin kanta ba. Ba ta da magajin gari, ba ta da majalisa, yanki ce kawai ta ƙaramar hukumar Hempstead. Saboda haka hukumar makaranta ita ce babbar kujerar da mutanen garin ke zaɓa da kansu, lissafin makaranta kuma shi ne harajin da za su iya ce wa a'a kai tsaye. Duk mai fushi, ko da wane ne yake fushin, nan yake zuwa ya sauke. Garin ya rabu. Waɗansu na son makaranta mai shirya yara shiga jami'a, ko nawa za ta ci. Waɗansu na cewa a koya karatu da rubutu da lissafi da ladabi, a bar aljihunsu ya huta. Akwai kuma masu kai 'ya'yansu makarantun coci suna biya, ga harajin makarantar gwamnati kuma bai bar su ba. A 1954, zamanin da tsoron kwaminisanci ya cika Amurka, har kan wani faifan garmaho aka yi rigima. Waƙa ce a kan jirgin da ya ɗauki gawar Shugaba Lincoln, ana sa wa yara a aji, sai waɗansu suka ce waɗanda suka tsara ta 'yan kwaminis ne. Aka daɗe ana ja-in-ja a tarurrukan hukuma. A ganina bai kamata a yi saurin zargin masu ƙin haraji da ƙin ilimi ba. Mutumin da ya lissafa dala 58 a wata ya ga zai iya, ba wanda ya gaya masa akwai wani bashi a bayan wannan, wanda ba ranar gama biyansa.

Levitt kansa ya lura. Bayan ya gina Levittown ta biyu a Jihar Pennsylvania daga 1952, sai ya fara ta uku a 1958 a Willingboro cikin Jihar New Jersey. A can ya tabbata garin duka na cikin ƙaramar hukuma guda, ya gina makarantun da kansa, ya watsa kuɗin cikin farashin gidaje. Wani malamin nazarin zaman jama'a, Herbert Gans, ya sayi gida a can ya zauna shekara biyu yana lura, ya fitar da littafinsa a 1967. Abin da ya gani shi ne ko da aka ba su gini, faɗan haraji bai mutu ba, domin albashin malamai kowace shekara ake biya.

Yanzu mu komo kan sharaɗin nan na farar fata. A 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa kotu ba za ta tilasta wa kowa bin irin wannan sharaɗi ba. Aka cire shi daga takarda, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe, har da waɗanda suka yi yaƙin tare da fararen da aka ba gida. Hujjar Levitt wai in ya sayar wa baƙi guda, fararen za su guje. A Levittown ta Pennsylvania, da William Myers da matarsa Daisy, baƙaƙen fata, suka sayi gida daga hannun wani mai shi a watan Agusta 1957, taron mutane suka yi ta kewaye gidan da dare suna jifa, sai da jiha ta aiko da 'yan sanda. Abin da wannan ya jawo wa makaranta a fili yake. A 1954 Kotun Ƙoli ta hana raba makarantun farare da baƙaƙe bisa doka, kamar yadda ake yi a kudancin ƙasar. A Long Island ba a bukaci irin wannan doka ba. Yaro makarantar gundumarsu yake zuwa, wanda aka hana ubansa gida kuwa an riga an hana shi kujera a aji. Sai 1968 aka yi dokar ƙasa mai hana bambanci wajen sayar da gida, amma har ƙidayar 1990 kashi 97 cikin 100 na mutanen Levittown farare ne. Yankin Nassau, inda garin yake, gundumar makaranta 56 gare shi, waɗansu tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu, amma yaran ciki kamar ba ƙasa ɗaya suke ba.

Da shekarun 1970 suka shigo sai al'amari ya juya. Yaran da aka yi wa gine-ginen nan sun girma sun tashi, iyaye sun manyanta. Mutanen garin sun ragu daga wajen 65,000 a 1970 zuwa wajen 57,000 a 1980. Azuzuwa suka fara zama wayam, tsadar kaya na hawa, masu jefa ƙuri'a da yawa kuma ba su da sauran yaro a makaranta. A 1978 malaman Levittown suka yi yajin aiki kan batun albashi, aka yi kusan wata biyu ba karatu. Dokar jihar ta 1967 ta hana ma'aikatan gwamnati yaji, hukuncinta kuwa a yanke albashin kwana biyu a kan kowace rana guda. Aka yanke musu, aka kuma ɗaure shugaban ƙungiyarsu.

Tun kafin wannan, a 1974, hukumar Levittown ta haɗa kai da waɗansu gundumomi 26 marasa dukiya suka kai jihar ƙara. Manyan birane huɗu, New York da Buffalo da Rochester da Syracuse, suka shigo da nasu kuka. Ƙofar tarayya a rufe take, gama a 1973 Kotun Ƙoli ta riga ta ce, cikin wata shari'a daga Texas, tsarin mulkin Amurka bai hana irin wannan bambanci ba. Saboda haka da tsarin mulkin jiha suka kafa hujja. Abin da suka ce shi ne, bai kamata karatun yaro ya rataya ga kimar ginin da ke kusa da gidansu ba. Alƙalin farko ya ba su gaskiya a 1978, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1981.

Ana cikin wannan sai wata shari'ar ta taso daga gundumar Island Trees, wadda makarantarta ta sakandare ke cikin Levittown. A 1975 waɗansu 'yan hukumar suka je wani taro suka komo da jerin littattafan da aka ce ba su dace ba. A farkon 1976 suka sa aka kwashe guda goma sha ɗaya, suka ce suna zagin Amurka, suna zagin Kirista da Yahudawa, ga kuma batsa. Abin mamaki, ɗaya daga ciki Bernard Malamud ya rubuta shi, Bayahude ne, labarin kuwa na zaluncin da aka yi wa wani Bayahude ne a Rasha. Da dama daga sauran baƙaƙen fata suka rubuta su. Hukumar ta naɗa kwamitin iyaye huɗu da ma'aikatan makaranta huɗu, kwamiti ya ce a mai da da yawansu, hukuma ta yi watsi da shawarar. Ta mai da ɗaya, ta ce na Richard Wright sai da izinin iyaye, ta hana tara. Wani ɗalibi ɗan shekara 17, Steven Pico, da 'yan'uwansa ɗalibai huɗu suka kai ƙara a 1977.

Shari'un nan biyu cikin wata guda aka yanke su, Yuni na 1982. A ta kuɗi, babbar kotun Jihar New York ta rushe hukuncin na ƙasa da ita. Ta yarda akwai bambanci mai yawa tsakanin gundumomi, amma ta ce abin da tsarin mulkin jiha ya wajabta shi ne kowane yaro ya sami ingantaccen ilimi na tushe, bai ce a daidaita kowa ba. Ta ce barin mutanen wuri su riƙe makarantarsu dalili ne mai ƙarfi, in kuwa ana son gyara, aikin majalisa ne. Levittown ta faɗi bayan shekara takwas. A ta littattafai, alƙalan Kotun Ƙoli ta Amurka suka rabu biyar da huɗu, suka ce a koma a binciki nufin hukumar. Alƙali Brennan ya rubuta cewa hukuma ba ta da ikon kwashe littafi daga laburare don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki, ko da yake ba dukan biyar ɗin suka sa hannu kan wannan hujja ba. Hukumar ba ta so komawa kotu ba, ta mai da littattafan a watan Agusta, da sharaɗin a sanar da iyayen duk wanda ya ara. A 1983 ta janye sharaɗin.

Kalmar nan ta ingantaccen ilimi na tushe, wadda aka kayar da Levittown da ita, ita ce waɗansu suka ɗauka daga baya suka sake kai ƙara domin yaran birnin New York, a 2003 kuwa kotun nan dai ta ba su gaskiya. Levittown ba ta cikin masu ƙarar.

A 1983 aka rufe Levittown Memorial, ta fari cikin makarantun sakandare uku na gundumar, saboda ƙarancin yara, aka mai da ginin ofisoshin hukuma. Saura biyu, Division Avenue da MacArthur. William Levitt, wanda ya sayar da kamfaninsa a 1968 kan hannun jari na dala miliyan 92, ya yi hasarar dukiyar, ya mutu a 1994 da bashi a kansa. Gidajen kuwa an yi musu ƙari sama da gefe har da wuya a sami wanda ke nan yadda aka gina shi. A ƙidayar 2020 mutanen garin wajen 52,000 ne. A 2011 jihar ta yi doka cewa harajin makaranta kada ya ƙaru fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, ko gwargwadon hawan tsadar kaya in bai kai haka ba, sai fa in mutum 60 cikin kowane 100 na masu ƙuri'a sun yarda a haura. Ranar ƙuri'ar kuwa Talata ta uku ce ta watan Mayu.